Yadda Badaru Ya Koyi Binne Taki

A Surko akwai wani manomi mai suna Badaru, mutumin kirki mai fara'a, sai dai gaggawa ta yi masa yawa. Surukinsa, Malam Abu na Maruta, ya ara masa gona, ya ce damina biyu zai gwada shi. In masara ba ta yi ba, wani zai ba.

Daminar farko, Badaru ya watsa buhun takin yuriya kaf a kan ƙasa da rana tsaka, ya karkaɗe hannu, ya dawo gida yana fito. Kash! Masara ta tashi a ƙanjame, ganye duk ya yi ɗorawa. Kunya ta hana shi zuwa gaida surukinsa.

Matarsa Munawwara, wadda ba ta fashin taron malamin gona, ta ce, "Malam, ba ka ji warin da ya riƙa tsikarar hanci ba? Ai takinka ne yake tashi sama. Wanda ruwa ya kwanta a kai kuma, malamin ya ce wata iska yake zama mai ƙara wa duniya zafi."

"To fa! Yanzu har zafin garin nan ni za a ɗora wa?"

"Kana da naka kason," in ji ta, tana dariya. "Malamin ya ce a riƙa binne shi kaɗan-kaɗan."

Da damina ta zagayo, Badaru ya fiƙe sanda. Ya riƙa huda rami gefen kowace masara, ya zuba taki cikin murfin kwalba ɗaya, ya rufe da dunduniya. Bayan sati huɗu ya sake. Kullum sai ya dawo riƙe da ƙugu yana cewa bayansa ya karye, Munawwara tana yi masa sannu har da tsiya.

Ai kuwa masara ta yi kore shar, ta yi goyo ɓul-ɓul. Da kaka Malam Abu ya zo da kansa. Badaru ya durƙusa. Tsohon ya ɓare masara ɗaya, ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi murmushi.

"Tashi, ɗana. Gonar nan ta zama taku, kai da iyalinka."

Cike da farin ciki, Badaru ya yi ta maimaita godiya.

Darasin shi ne, aikin gaggawa asara yake jawowa. Manomin da ya daure ya binne takinsa kaɗan-kaɗan ya amfani gidansa, ya kuma kyautata wa iskar da kowa yake shaƙa.