Kwamfutar da Ba Ta Ƙin Tayi

Akwai wani mutumin Damagaram mai suna Sallaou, da ya zo Sabha lokacin da kuɗin mai ke ambaliya a Libiya. Shekara biyu yana dakon siminti a unguwar Jadid kafin Hajj Barka ya ɗauke shi buga takardu a shagonsa.

In aiki ya lafa, sai ya duƙufa koya wa kwamfutar shagon wasan shataranji, wato darar nan mai sarki da waziri da sojoji. Ranar da ta fara motsa sojojinta da kanta, ya ce duk Sabha babu mai cinye ta. Ko ni da Allah ya hore wa basira ban taɓa irin wannan cika bakin ba, amma ni kuke cewa mai yabon kai.

Barka ya gayyato amininsa Hamed, tsohon direban sahara kuma gwanin wasan, ya kara da ita. Sau uku Hamed yana lallasa ta a gaban jama'a. Zai miƙa mata soja ɗaya ta cafke, shi kuma ya ɗauke mata waziri.

Barka ya sha kunya. Ya ce in ta sake faɗuwa Juma'a mai zuwa, Sallaou ya koma bakin titi jiran aikin yini.

Chaïbou, abokin Sallaou da aka yi komai a idonsa, ya ce masa, "Ɗan'uwa, wannan dam take bugawa, irin na ƙofar gidanku."

Gaskiya ya faɗa. A dam, in ci ya zo dole ka ci. Da wannan Sallaou ya tashi, haka kuma ya rubuta mata bai lura ba.

Ya goge dokar. Ya koya mata kafin ta taɓa komai ta duba me za a ɗauke mata, me za ta rama. Sai ta koma yin minti goma kan motsi guda. Bai karaya ba. Ya sa ta daina bin duk hanyar da ta riga ta ga asara ce. Kwana shida yana wannan fama tsakanin takarda da takarda.

Juma'a bayan la'asar shagon ya cika. Hamed ya miƙa soja, ta ƙi. Ya miƙa doki, ta kauce ta rufe ƙofar sarkinta. Shayinsa ya huce. Kafin magariba ta tsare masa sarki ba mafita.

Hamed ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ya Barka, wa ya ƙosar da ita?"

Barka ya ce a tambayi ma'aikacinsa, yana nan gobe da jibi.

Darasi: Ba duk abin da aka miƙo maka ake karɓa ba, kuma wanda ya yarda ya gano kuskurensa ya gyara bai faɗi ba. Ku tura wa 'yan'uwa, kada ku karanta ku wuce kamar yadda kuka saba yi mini.