Tarin Duwatsu a Bakin Teku

Akwai wani tela a unguwar Jarwal ta Makka mai suna Rabe, a zamanin da motoci suka fara ƙwace wa raƙuma hanyar Jidda. Yana jariri iyayensa suka ƙetaro daga Sudan a jirgin ruwa. Mahaifiyarsa Ramlatu ta rasu suna sauka, aka binne ta a kan wani tsauni da ya kutsa cikin teku, kudu da Jidda, aka tara duwatsu a kan kabarin.

Burin mahaifinsa, Malam Ja'afaru, ɗaya ne: ya nuna masa kabarin kafin ya bar duniya. Amma duk sanda ya tayar da zancen, sai Rabe ya ce, "Bukra, ya abuya," wato gobe, Baba. Goben Rabe kuwa ba ta da rana. Yau ɗinkin alhazai, gobe zafi, jibi mota ba wuri. A ransa yana ganin tsohon ya cika naci.

Shekaru suka shuɗe. Sai da abokansa suka shirya zuwa shan iska a wajen tsaunin, sannan Rabe ya tuna da tsohon, ya ɗauke shi.

Sun ratsa Jidda, suka ci soyayyen kifi a tashar jiragen ruwa, suka kai tsaunin da la'asar. Wurin ya yi kyau ƙwarai, ruwa shuɗi ta gefe uku, iska mai sanyi. Rabe ya ce wa mahaifinsa to ga su sun iso, sai ya nuna masa kabarin.

Ashe ba tari ɗaya ba ne. Tarin duwatsu ne birjik, kaburburan matafiyan da suka biyo baya. Malam Ja'afaru ya durƙusa yana lalube, ya shafa wannan, ya shafa wancan. Sai a lokacin Rabe ya lura da yadda yanar ido ta rufe idanun mahaifinsa fari fat.

Can tsohon ya zauna a ƙasa, ya ce a hankali, "Rabe, da bara ne, da na gane ta."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Rabe. Abokansa na kiransa shayi ya nuna, shi kuwa yana bin kaburburan ɗaya bayan ɗaya yana addu'a, bai san a kan wanne zai ce "Inna" ba.

Darasi: Abin da iyaye suke naci a kai, a yi musu tun da sauran ƙarfinsu, domin wata goben ba za ta same su yadda aka bar su ba. Ku tura wa duk mai iyaye a raye.