Zaren da Ya Isa Rum

An ce a zamanin da, tun duniya na da faɗi, Sarkin Sin ya ji labarin wani sarki can yamma, a ƙasar Rum, wanda aka ce ya kusa kai shi girma. Wannan "kusa" ta hana shi sukuni. Ya kira wani malamin fada, Wen Tau, ya ce, "Ka je ka gano mini shi, ka zo da shaida. In ka dawo hannu wofi, kanka ne shaidar."

Wen Tau ya yi sallama da matarsa Sulan, mai murza zaren alharini na fada. Bahaguwa ce, zarenta murɗin hagu ne, kowa ya san shi.

Shekara huɗu yana tafiya kafin ya kai bakin wani teku. Nan ya sauka gidan Mihran, attajirin Farisa mai sayen alharinin Sin yana kai wa Rumawa. Mutumin kirki ne, sai dai abincinsa na cikin rashin haɗuwar sarakunan biyu.

Mihran ya ce, "Malam, ba hana ka nake ba. In iska ta so, wata uku ne a jirgi kafin a haye zuwa Rum. In ta ƙi, shekara biyu. Kewar gida ke kashe mutane a cikin jirgin. Kana da iyali?"

Wen Tau ya daɗe yana kallon ruwan. Mihran ya ba shi wani mayafi shara-shara, ya ce saƙar Rum ce. Ya karɓa, ya juya gida.

Ya tarar Sulan ta shekara biyar a kabari.

A fada bai yi ƙarya ba, ya ce iyakarsa teku, ga kuma abin da Rumawa ke saƙawa. Sarkin masaƙa ya zare zare ɗaya ya duba, ya ce, "Ranka ya daɗe, murɗin hagu ne. Zaren matarsa ne. Wannan malamin ko ƙofar gari bai wuce ba."

Sarki ya ce a kira hauni.

Waziri ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kai ba ya gudu. A ba masaƙa kwana arba'in su saƙa irinsa. In sun iya, a sare shi."

Kwana arba'in suka cika, ba wanda ya iya. Waziri ya ce, "Zaren namu ne, saƙar ba tamu ba ce. Yadinmu ake kaiwa Rum, su warware, su sake saƙawa, Farisawa su dawo mana da shi mu yi ta mamaki. Malam ya je inda ya ce ya je."

Sarki ya yafe masa, ya sa aka rubuta a littafin fada cewa Rum tana da nisa, abin da aka sani tun kafin ya tashi. Ya ce ya roƙi abin da yake so.

Wen Tau ya ce, "Mayafin, ranka ya daɗe. Saboda matata na juyo daga bakin teku. Ashe zarenta ya riga ya haye."

Aka ba shi. Fada ta koma harkokinta, ba a kuma sake aiken kowa yamma ba. Shi kuwa Sarkin Rum, an ce har ya mutu yana tambaya wace irin bishiya ce ke fitar da alharini a ƙasar Sin.