Ranar da Inna Fingi Ta Yi Cara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun baza kunnuwa.

An yi wani garin kaji a gindin wani tsohon rumbu. Damuwarsu ɗaya ce, shirwa. Kullum sai ta sauko ta sure musu ɗan tsako. Da sarkinsu ya mutu, sai suka taru suka naɗa wata kaza, Inna Fingi, mai gashi a hargitse kamar kan jikata Ladiyo in ta tashi daga barci.

Mulkin Inna Fingi babu hayaniya. In an fita kiwo, ita ce a baya, ido ɗaya a ƙasa, ido ɗaya a sama. Da ta hango inuwar shirwa sai ta ce "kurrr" ƙasa-ƙasa, 'yan tsaki su faɗa ƙarƙashin rumbu. Damina ta wuce, rani ya wuce, ko tsako ɗaya ba a rasa ba.

To, akwai wani zakara, Mai-zanko, wanda tun can shi ya so sarautar. Wata safiya ya tare ta gaban jama'a, ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, ba raini ba, amma a ina aka taɓa ganin sarki a bayan talakawa? Wannan ai raino ne, ba mulki ba."

Kaji suka kwashe da dariya. Abin da ya fi ba ni haushi, yara, har matan. Akwai wata sagara, wato budurwar kaza, da ta yi kwancinta na fari, ƙwai ɗaya kacal ya ƙyanƙyashe. Dariyarta ta fi ta kowa.

Inna Fingi ta ji kunya. Ta ce, "In na wuce gaba, wa zai duba sama?"

Mai-zanko ya ce, "Ni zan duba."

Ta wuce gaba.

Kashegari ya sake durƙusawa. "Ranki ya daɗe, a ina aka taɓa ganin sarki yana tonon ƙasa? Sarki a kan rumbu yake tsayawa, a ga ƙirjinsa."

Aka yi dariya. Ta ce, "In na hau rumbu ina nuna ƙirji, wa zai duba sama?"

"Ni zan duba."

Ta hau, da ƙyar, tana haki.

Rana ta uku ya zo, wannan karon ko durƙuson bai yi ba. "Saura abu ɗaya. Wannan 'kurrr' ɗin naki muryar mata ce. Sarkin da ba ya cara, ba sarki ba ne."

Inna Fingi ta dubi jama'arta ko wani zai ce a ƙyale ta. Kowa ya zuba mata ido yana jiran cara. Ta ce, "In ina cara, wa zai duba sama?"

"Ni zan duba."

Duk gari ya taru gindin rumbu, kowa ya juya wa 'yan tsaki baya. Mai-zanko ne a gaba, ya kafe ta da ido, yana jira ta kunyata ya karɓi sarauta. Ta miƙe wuya, ta cika ƙirji, ta wage baki. Wani irin ƙara ya fito, ba cara ba, ba kuka ba. Kaji suka yi ta birgima a ƙasa don dariya.

A daidai nan inuwa ta gifta. Fyuu, shirwa ta sauko, ta tashi. Ba a ji komai ba sai "tsiyu, tsiyu" yana nisa a sama.

Dariya ta mutu. Kowace uwa ta ruga ta tattara nata. Sagara ta zaga rumbu, ta sake zagawa, ta leƙa ƙarƙashinsa. Babu ɗanta.

Ta ɗaga kai ta ce, "Inna, ba ki gan ta ba?"

Inna Fingi ta ce, "Na gan ta, 'yata. Tun daga nesa na gan ta. Amma bakina cike yake da carar wani, 'kurrr' ɗin ya ƙi fitowa."

Ta sauko a hankali, kanta a ƙasa. Ta ce, "Dariyarku ta kora ni, amma da ƙafata na hau. Ki yafe mini."

Sagara ta ce, "Ni zan yafe miki? Wa ya fi ni dariya?"

Aka juya kan Mai-zanko. "Kai da ka ce za ka duba, ina idonka yake?"

Ya sulale bayan rumbu, zankonsa a kwance.

Da gari ya waye, ba wanda ya iya haɗa ido da wani. Aka fita kiwo shiru. Inna Fingi ta koma baya, ido ɗaya a ƙasa, ido ɗaya a sama. Gefenta sagara ce, ita ma tana duban sama, ko da yake ba ta da sauran wanda za ta tsare.

Shi ya sa har yau zakara yake fara cararsa tun da duhu, kafin a ga fuskarsa. In kuwa ya yi ta da rana, ku lura, sai ya runtse ido.

Ku ji ni da kyau, kai Ɗanjuma da kake murmushi. In wani yana riƙe ku lafiya, kada ku auna shi da ƙarfin murya, mace ce ko namiji. Ke kuma Ladiyo, ran da aka ba ki riƙo, kada dariyar mutane ta sa ki ari muryar wani.

Ƙurunƙus, kan shirwa. Ku tashi ku duba ko an rufe akurki.