Agogon da Jibo Ya Kira Ɗan Adawa

Akwai wani direba a unguwar Zariya ta Maraɗi, sunansa Jibo. Tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, ya gada wajen mahaifinsa. Da ita yake kwasar albasa daga Jiratawa zuwa kasuwar Tibiri, da ita gidansa ke ci. Mutumin kirki ne, amma fa ya tsani a ce masa tsaya.

Lokacin jam'iyyu sun fito, bakin kowa ya buɗe. Darajar kuɗin Sefa kuma ta faɗi, kayan gyaran mota sun gagari talaka.

Sai agogon zafin inji ya tsiro da hali. Da an yi nisa allurarsa ta haye ja, dole Jibo ya tsaya gindin wani iccen bedi inji ya huce, direbobi na wucewa suna masa dariya.

Ya tafi garejin Ilyasu, aminin mahaifinsa.

"Baba Ilyasu, agogon nan ɗan adawa ne, kullum sai ya ga laifi. Canza mini shi."

Ilyasu ya leƙa inji ya ce, "Ɗana, agogo bai yi ƙarya ba. Radiyatar da ke sanyaya inji ce ta toshe. Bar mini motar in wanke ta."

"In bar ta kasuwa ta ci babu ni? Haba, Baba!"

Da Ilyasu ya ƙi, sai gogan naka ya nufi masu kwance matattun motoci, ya samo agogon wata mota da ba irin tasa ba, ya ɗaura da hannunsa. Ai kuwa allura ta tsaya tsakiya cak. Jibo ya daki sitiyari ya ce, "Yauwa! Ga mai biyayya."

Ranar kasuwa, cikin zafin bazara, ya wuce bedin nan har yana fito. Ana hango Tibiri inji ya yi tari, hayaƙi ya turnuƙe, mota ta tsaya.

Jibo ya dubi agogo. Wallahi allura na nan tsakiya, lafiya lau.

Aka kirawo Ilyasu. Ya duba, ya girgiza kai.

"Baba, za ta tashi?"

"Inji ya ƙone, ɗana. Sai haƙuri."

Baƙin ciki ya tokare Jibo. Ya laluba ƙarƙashin kujera inda ya jefa tsohon agogon, ya ɗauko shi, ya goge shi da hannun riga, idonsa cike da ƙwalla.

"Ashe duk motar nan kai kaɗai ke sona."

Darasi: Gaskiya ɗaci gare ta, amma mai faɗa maka ita ba maƙiyinka ba ne. Kada ka sauya shi da mai ce maka "lafiya lau" alhali kana ƙonewa. Jama'a, ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.