Harafin da Sakatare Ya Gyara

Akwai wani mutum da kowa ke kira Sakatare, shi ne mai rubuta wasiƙu a wata ƙungiya da ke kula da lafiyar matan karkara. Mutumin kirki ne, ba zan ci naman sa ba. Aibinsa ɗaya ne: duk takardar da ta shigo hannunsa sai ya gyara ta. Ko likita ne ya rubuta masa magani, sai ya zaro jan biro ya nemi kuskure.

Ƙungiyar tana da ƙaramin asibiti mai ɗaki biyu a wani ƙauye. Wata tsohuwar ungozoma da ake ce wa Inna ce ke riƙe da shi, ita da nas guda ɗaya. Sakatare bai taɓa taka ƙauyen ba. Hoton asibitin dai yana nan a bangon ofishinsa, kuma a ganinsa wannan ya wadatar.

Wata rana wata Hajiya mai babban kanti a gari ta zo ofis. Ta ce ta sayar da gonar da mahaifiyarta ta bar mata, tana so ta yi wa marigayiyar sadaka da kuɗin. Ba ta son ta yi shisshigi, a tambayi masu aikin abin da suka fi buƙata.

Aka aika wa Inna. Bayan kwana uku amsa ta dawo a bayan kwalin magani, da rubutu mai karkarwa: "Gada muke so."

Sakatare ya karanta ya yi dariya har da riƙe ciki. Gada kuma? Ta daji mai ƙaho, ko za a buɗe gidan namun daji ne a ɗakin haihuwa? Ya ce tsufa ne, hannun Inna ya zame. Asibiti ai gado yake buƙata. Ya zaro jan bironsa ya mayar da "a" ta koma "o", ya buga wasiƙa mai kyau ya kai wa Hajiya.

Hajiya ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Ta sayi gadajen ƙarfe goma sha biyu, masu nauyi, da katifunsu. A kan kowane gado ta sa an manna ɗan allo da aka rubuta: "Sadaka ga mahaifiyata."

Ranar kai kaya Sakatare ya bi motar da kansa, don a ɗauki hoto. Yana ta tsara jawabin da zai yi idan mata suka fara godiya.

Inna ta fito tana goge hannu da tawul. Ta dubi motar, ta dubi Sakatare, ta sake duban motar. Ta tambaya ko ɓatan hanya suka yi. Ya ce a'a, kayanta ne. Ta ce to ina sauran? Ya ce ai sun cika, sha biyu cif.

"Ɗana, gadar fa?"

"Inna, gado. Ai na gane abin da kike nufi, na gyara miki."

Ta kalle shi, irin kallon da ake yi wa yaron da ya wanke wayar salula da sabulu don ya taimaka. Ta ce ya biyo ta.

Bayan asibitin, tafiyar minti biyar, akwai rafi. Ba shi da faɗi sosai, amma yana da zurfi, bakinsa a tsaye. Inna ta nuna masa gidajen da ke tsallake, ta ce yawancin matan da take dubawa can suke. Da rani sukan gangara su haye. Idan damina ta kankama kuwa, ruwan yakan kai wa namiji ƙirji, yana gudu. Hanyar zagaye tafiyar rabin yini ce. Gadaje biyun da ke asibitin ma, in ji ta, da damina ƙura suke tarawa, don babu mai iya zuwa ta hau su.

Sai ta nuna wani gida mai koren ƙofa. Ta ce can Auta take, matar mai walda. Cikinta biyu sun zube a bakin wannan rafin, ana jiran ruwa ya janye. Yanzu tana wata na takwas, ga hawan jini, ƙafafu sun kumbura, nas ta ce in ta haihu a gida sai dai abin da Allah ya yi. Ga shi an riga an yi ruwan farko.

Sakatare ya ce to a kawo ta ta zauna a asibiti tun yanzu mana, tunda ga gadaje. Inna ta ce surukar Auta tana kwance ba ta tashi, Auta ce ke juya ta. Kuma bayan Auta akwai masu ciki tara. Duk su bar yara da gona su zo su tare wata biyu?

A nan kan Sakatare ya ɗaure. Ga kaya an sauke, ko da aka fitar da tsofaffin biyun, ɗakunan ba za su ci fiye da huɗu ba, takwas suna tsaye a rana. Kuɗin Hajiya sun tafi. Kantin da aka saya ba ya karɓar kaya a mayar. Ya zauna a gefen gado ɗaya ya dafe kai, kunya ta ishe shi.

Yana nan zaune sai ga mai walda, mijin Auta, ya zo karɓar mata magani. Ya zagaya gadajen, ya ƙwanƙwasa ɗaya da makulli, ya kasa kunne. Ya ɗaga gefe ya ji nauyi. Ya ce wannan ƙarfen na gaske ne, ba irin na yanzu ba. Sai ya fara auna faɗin gado da taƙi, yana magana shi kaɗai.

Da aka matsa masa ya ce yana da dogayen ƙarafa biyu na ƙasan wata tsohuwar babbar mota, sun daɗe a bayan shagonsa. In aka shimfiɗa su a kan rafin, aka jera gadaje takwas gefe da gefe aka liƙe, aka ɗora katako, to kan gado da ƙafar gado su ne za su zama abin dafawa hagu da dama. Mutanen gari za su gina masa ƙafafu da dutse da siminti.

Sakatare ya ce kayan amana ne, sai da izinin mai shi. Ya hau wani tudu inda ake samun sabis ya kira Hajiya, wadda ta yi tafiya sarin kaya. Layin yana yankewa. Ya yi ta ihu cewa gadon za a mayar gada, gada ba gado ba. Ita kuma abin da ke isa kunnenta "gado, gado" ne kawai.

"Matan dai za su hau?" in ji ta.

"Za su hau, Hajiya, kullum ma."

"To me kake jira? Ku yi."

Ya sauko yana murna an ba shi izini. Ita kuma ta ajiye waya tana mamakin mutumin da zai kira ta daga nesa don ya nemi izinin shimfiɗa katifa.

Bayan wata biyu Hajiya ta dawo, ta ce a kai ta ta ga sadakarta. An kwana ana ruwa. Ta shiga ɗaki na farko, gado biyu. Na biyu, gado biyu. Ta leƙa bayan ƙofa. Ta fito ta tambayi Sakatare ina takwas.

Ya ce ai sun yi magana a waya. Ta ce ya ce mata za su hau. Ya ce suna hawa. Ta ce a ina? Ya ce a rafi. Hajiya ta dubi nas ta tambaye ta a hankali ko mutumin nan yana da lafiya.

Ranta ya ɓaci sosai, kuma da gaskiyarta. Ta ce gonar uwarta ce ta ɗauka ta ba su, ba ta taɓa zaton za a yi mata haka ba. Sakatare ya cire hula, ya zaro kwalin maganin nan daga aljihu, da jan gyaransa a jiki, ya miƙa mata. Ya ce laifinsa ne tun farko: an faɗa masa abin da ake so, ya ɗauka ya fi mai faɗin sani.

Hajiya ta juya kwalin, har yanzu ba ta gane ba. Inna ta kama hannunta ta ce ta zo ta gani, baki ba zai iya ba.

Rafin ya cika taf, ruwa ja yana ƙugi. Suka hau katako suka kai tsakiya. Hajiya ta riƙe ƙarfen gefe gam, ta ce ita fa gadajenta take tambaya.

"Kina tsaye a kansu," in ji Inna.

Hajiya ta dubi inda hannunta yake. Ɗan allo ne: "Sadaka ga mahaifiyata." Gaba da shi wani, gaba da shi wani, har takwas a jere.

Daga tsallake wata mata ta hawo gadar a hankali, rungume da jaririya a cikin tawul, za ta kai ta a duba. Inna ta ce wannan ce Auta. Ta ce ranar da naƙuda ta kama ta da hantsi ruwan ya fi na yau, a kan amalanke aka turo ta ta nan, kan ɗaya daga katifun Hajiya. Nas ta ce da an ƙara awa ɗaya da an rasa su duka biyun.

Auta ta rusuna ta gaishe ta, ta buɗe mata fuskar yarinyar. Hajiya ta daɗe tana kallo, ba ta saki ƙarfen ba. Hawaye ya zubo mata. Sakatare ya matso zai sake ba da haƙuri, ta ɗaga masa hannu.

Hajiya ta ce tana shekara tara mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwar ƙaninta. Da aka kawo mata wasiƙa an ce gado, ba ta yi tunanin komai ba, ta saya.

"Sai yanzu na tuna," in ji ta. "Akwai gado a asibitin da za a kai ta. A hanya ta rasu."

Darasi: Kyauta tana farawa ne daga kunne. Kafin ka ba mutum, tambaye shi abin da yake buƙata, in ya faɗa kuma ka yarda da shi, ko da rubutunsa ya karkace, don shi ke zaune da matsalar. Idan ka yi kuskure ka faɗa da bakinka, sau da yawa ana iya gina alheri a kansa. Ku tura wannan ga duk wani mai hannun bayarwa da kuka sani, da duk wani mai jan biro, wataƙila wata Autar tana jira a tsallaken rafi.