Kurege, Injin Bincike da Haƙorin Zaki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

A shekarar da wayar hannu ta shiga dawa, kowace dabba ta mallaki tata. To, mai injin bincike ɗaya ne a duk dajin, wato Kunkuru. Ka rubuta masa tambaya, ina ruwa, ina ɗanyar ciyawa, wa ya iya ɗori, sai ya ba ka amsa ta gaskiya. Amma fa kafin amsar ta fito, ka yi gyangyaɗi ka farka.

Kurege ya ga yadda ake tururuwa wajen Kunkuru, abin ya tsaya masa a rai. Sai ya haƙa rami a gindin kuka, ya buɗe nasa injin, ya raɗa masa suna Nan-Take. Kana tambaya, amsa na fitowa. Dabbobi suka watse wa Kunkuru, suka koma Nan-Take.

Abin da ba su sani ba, Kurege bai san komai ba sai gyaɗa. Duk wanda ya kai masa kwanon gyaɗa, sunansa ne a saman jerin amsa. Kura ta kai, ta zama ta farko a masu renon 'ya'yan awaki. Jaki ya kai, ya zama na farko a masu daɗin murya. Biri ya kai kwano biyu, ya ce a sa shi a masu cire haƙori, alhali ko ƙaya bai taɓa cire wa kowa ba. Kurege ya karɓa, ya ce an gama.

Ana nan, ana nan, sai haƙorin Zaki ya kama ciwo. Kwana uku bai tauna nama ba. Zakanya ta tambayi Nan-Take, sunan Biri ya fito a sama. Biri ya zo da awartaki, ya leƙa bakin, ya rufe ido, ya fizga. Ya cire mai lafiya, ya bar mai ciwon. Kafin Zaki ya gama ruri, Biri yana ƙolin rimi yana rantsuwa shi dai gyaɗa ya bayar aka sa shi.

Aka kamo Kurege, kumatunsa cike. Zaki ya danne masa wutsiya da ƙafa.

"Kai ka turo mini Biri?"

"Ranka ya daɗe, injin ne."

"Wa ke cikin injin?"

Kurege ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya ce, "Ni ne."

Zaki ya ce da shi zai karya kumallo. Kurege ya sunkuyar da kai, ya ce ya cancanta, abu ɗaya ne kawai ke damunsa: ya taɓa jin cewa naman kurege in ya taɓa dasashi mai rauni, sauran haƙora zubewa suke yi. Gara a bincika.

"A injinka?" in ji Zaki.

"Haba, ranka ya daɗe, wa zai yarda da nawa? A tambayi Kunkuru, shi ba ya ƙarya."

Zakanya ta rubuta tambayar. Aka jira. Hantsi ya wuce, aka jira. Rana ta take, aka jira. Zaki ya soma gyangyaɗi, ƙafarsa ta saki. Kurege ya zare wutsiya a hankali, a hankali, sai rami.

Da la'asar amsa ta fito: naman kurege ba ya komai, yana ma da laushi ga mai ciwon haƙori.

Dabbobi suka koma wa Kunkuru da jiransa. Bayan kwana bakwai aka buɗe wani sabon inji a bayan dutse, sunansa Gaskiya-Zalla. Mai shi wani ɗan ƙanƙani ne da tabarau, wutsiyarsa duk a ƙuje. Ya rantse wa kowa shi ba ya karɓar gyaɗa. Aya yake karɓa.

Ƙurunƙus. In haƙori ya dame ku, ku duba na biyu a jeri. In kuma za ku jira amsar mai gaskiya, ku taka wutsiyar da kyau.